Idan Excel Ta Ƙi Adana Aikinka, Kada Ka Rufe Ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ara mana fili a wannan jarida mu yi magana da akantoci, da malaman da ke haɗa sakamakon jarrabawa, da masu riƙe lissafin shaguna da ɗakunan magani, da duk wanda abincinsa ya rataya a kan jadawalin Excel. Maganar a kan lokacin nan ne da mutum zai danna Ctrl da S, sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci yana cewa ba a adana ba. Sau da yawa asarar da ake tafkawa tana faruwa ne a cikin minti guda bayan fitowar wannan akwati. Mutum ya firgita, ya danna OK bai karanta ba, ya rufe manhajar, ta tambaye shi ko a adana, ya ga ai ta riga ta ƙi, ya zaɓi "Don't Save", ko kuwa ya kashe kwamfutar wai ta huce. A nan aikin yake mutuwa, alhali kafin nan yana nan da ransa.

Sai an san yadda Excel ke adanawa sannan za a gane dalili. Duk abin da kake rubutawa yana zaune ne a RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke mance komai da zarar wuta ta yanke. Idan ka ce a yi sebin, Excel ba ta fara taɓa tsohon fayil ɗinka. Tana buɗe wani fayil na wucin gadi a cikin foldar da naka yake, ta laƙaba masa suna marar ma'ana na haruffa da lambobi takwas, galibi ba tare da wutsiyar .xlsx ba, ta juye littafin, wato aikin da ke cikin fayil ɗinka, gaba ɗayansa a ciki, har shafukan da ba ka taɓa ba. Sai wannan ya kammala sannan ta kawar da tsohon, ta ɗora wa sabon sunansa. Ba ta zubar da ruwan tulu don ta ga hadari. Shi ya sa a mafi yawan lokuta, idan adanawa ta gaza, tsohon fayil yana nan lafiya lau yadda ka bar shi a sebin na ƙarshe, sabon aikin kuma yana nan a gabanka, a tagar da ke buɗe. Sau da yawa wannan taga ita kaɗai ce ke riƙe da cikakken aikinka a duk duniya.

Wannan tsari yana da buƙatunsa. Wurin da ake adanawa dole ya kasance da sarari da zai ɗauki kwafi na biyu: fayil mai megabait 40 yana son aƙalla wasu 40 ɗin a sake, ko da gida ɗaya ka gyara. Dole kuma mai aikin ya kasance yana da izinin ƙirƙirar fayil a foldar, da rubutu a ciki, da gogewa, da sauya suna. Masu kula da kwamfutocin ofis su lura da wannan sosai. Wasu kan hana ma'aikata izinin gogewa a foldar da ake tarayya, da kyakkyawar niyya, don kada wani ya share aikin wani. Abin da ke biyo baya shi ne Excel ta rubuta fayil na wucin gadi, ta kasa kawar da tsohon, adanawa ta tsaya. Alamar ita ce ka tarar foldar ta cika da fayiloli masu sunan haruffa takwas. A Windows izinin da ake kira Modify shi ne ya haɗa duka huɗun. Kafin a share waɗannan fayiloli a duba kwanan wata da girmansu, domin na baya-bayan nan yana iya zama cikakken aikin wani: a kwafe shi gefe, a ƙara masa .xlsx a ƙarshen suna, a gwada buɗewa.

Saƙon da ya fito yana faɗa maka a wane mataki aka tsaya, don haka a karanta shi, in ba a gane ba a ɗauki hotonsa da waya. "Document not saved" ko "Document not completely saved" na nufin an katse tun ana rubuta na wucin gadi. Tsohon fayil bai sami ko ƙwarzane ba. Idan saƙon ya ƙara da "Any previously saved copy has been deleted", to an katse a tsakiyar musayar, tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, kuma wanda ya rufe Excel a wannan hali yana iya tashi ba tsuntsu ba tarko. Akwai wanda ke cewa an ajiye canje-canjenka a wani "temporary document", ya ba ka sunansa. Rubuta sunan a takarda nan take. Mai ambaton "sharing violation" yana cewa wata manhaja ta riƙe fayil ɗin. Mai cewa "Errors were detected while saving" kuwa yana nuna akwai abin da ya lalace a cikin littafin kansa, wani hoto, ko zanen ƙididdiga, ko makuro (jerin umarni da ake rubuta wa Excel ta yi aiki da kanta), kuma idan ka danna Continue za ta gyara ne a sabon fayil, wataƙila ta hanyar cire abin da ya lalacen.

Ko wanne ne ya fito, mataki na farko ɗaya ne: danna F12, wanda ke buɗe "Save As". Zaɓi wani wuri dabam a cikin kwamfutar kanta, kamar Documents, ba filash ba, ba foldar da ke kan wata kwamfutar ofis ba. Ba shi sabon suna gajere, misali albashi2, ka adana. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa. In ta ƙi, sauya nau'in fayil a layin da ke ƙarƙashin suna, ka gwada .xlsb, wanda ke riƙe fomula da makuro duka kuma yakan fi ƙanƙanta. In wannan ma ta ƙi, danna maɓallin dama na linzami a kan sunan shafi a ƙasa, zaɓi dukan shafuka, sannan "Move or Copy", ka nuna sabon littafi, ka sa alama a "Create a copy". Kwashe su tare ya fi, domin idan ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, fomulolin da ke duban wani shafi za su ci gaba da duban tsohon littafin. Sai dai Excel ba ta yarda a kwashi shafuka a dunƙule idan akwai mai ɗauke da abin da ta ke kira Table. A nan dole a bi su ɗai-ɗai, daga baya a gyara mahaɗin ta "Edit Links". Makuro da ke cikin modul, wato ma'ajiyarsa ta dabam a cikin littafin, ba ya bin shafi, shi ma sai an kwashe shi dabam. Idan duk ƙofofin nan sun rufe, kwafi alƙaluman ka manna su a sabon littafi, ko ma a Notepad. Za ka rasa fomula da ado, amma lambobin da aka yi awa uku ana shigarwa sun tsira. Sai aiki ya zauna a wani wuri, ka tabbatar ya buɗu, sannan ka rufe Excel ka shiga binciken dalili.

Dalilin da ya fi yawa a wurarenmu shi ne aiki kai tsaye daga filash. Mutum ya soka filash, ya buɗe fayil daga ciki, ya yi ta aiki. Gwiwa ta taɓa filash ɗin, ko ramin USB ya saki, ko kwamfuta ta yi barci ta yanke masa wuta. Ko an mayar da shi, igiyar da Excel ke riƙe da fayil ɗin ta riga ta tsinke. Haka abin yake ga foldar da ke kan wata kwamfuta a ofis, idan na'urar da ke haɗa su ta mutu na daƙiƙa ashirin lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. Filash jakar ɗaukar kaya ce. A kwafo fayil zuwa kwamfuta, a yi aiki, a rufe, a mayar da kwafi, a danna Eject kafin a zare.

Akwai kuma fayil ɗin kulle. Duk lokacin da ka buɗe littafi, Excel na ajiye wani ɗan ɓoyayyen fayil kusa da shi, mai suna irin nasa amma ya fara da ~$, wanda ke shaida cewa wani yana ciki. Idan manhajar ta mutu ba zato, wannan ɗan fayil yakan yi saura, washegari a ce maka wani ya kulle fayil ɗin alhali ba kowa. Sai ka buɗe shi a matsayin "Read-Only" ba ka ankara ba, ka yi aikin rabin yini, Ctrl da S ta ƙi. Dubi saman tagar tun da farko, kalmar tana nan a rubuce kusa da sunan fayil. Idan an tabbatar ba wanda ya buɗe shi a ko'ina, ana iya nuna ɓoyayyun fayiloli a share na kullen. LibreOffice Calc, wata manhajar jadawali irin Excel, ita ma tana da nata, mai farawa da .~lock. Manhajar kashe bairos, da manhajar da ke tura fayiloli zuwa intanet, har da ɓangaren Preview na File Explorer, duk suna iya cafke fayil na ɗan lokaci daidai sa'ar musayar suna. Jira rabin minti ka sake gwadawa.

Suna ma yana hana adanawa. Tsofaffin Excel ba sa karɓar adireshin fayil da ya wuce haruffa 218, kuma ana ƙirgawa tun daga C: har sunan kowace folda da ke kan hanya. Folda cikin folda cikin folda, kowace da dogon suna irin na kan takardar gwamnati, nan da nan an kai. Alamomin \ / : * ? " < > | haramun ne a sunan fayil, don haka kwanan wata irin 12/03/2024 ba zai shiga ba, a rubuta 2024-03-12, wanda kuma yake sa fayiloli su jeru bisa tsarin lokaci. Littafin da ya kumbura ba dalili shi ma yakan sa ƙwaƙwalwa ta ƙare, musamman a Excel mai bit 32, wadda a asalinta ba ta wuce gigabait 2 komai yawan RAM ɗin kwamfutar. Danna Ctrl da End: idan ka faɗa layi na dubu ɗari tara alhali bayananka sun tsaya a na ɗari biyar, share layukan banzan nan gaba ɗaya ka sake adanawa.

Ɗaukewar wuta kuwa ba ta ba da saƙo. Idan ta zo ana tsakiyar rubutu, fayil na iya fitowa guntu. Tun daga Excel 2007, fayil na .xlsx ƙunshin ZIP ne mai ɗauke da ƙananan fayiloli da yawa, kuma jerin abin da ke cikin ƙunshin a ƙarshensa ake rubuta shi, shi ya sa guntun fayil yakan ƙi buɗuwa sam. Kafin a yanke ƙauna, a kwafe shi gefe, a shiga File, Open, Browse, a zaɓe shi, a danna ɗan kibiyar da ke jikin Open, a ɗauki "Open and Repair". A fara da Repair, in ta gaza a koma "Extract Data". Kwamfutar kan tebur da ake lissafin kuɗi da ita ba tare da UPS ba, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, kasada ce tsagwaronta. Ko mai riƙe minti biyar ya isa a adana a rufe.

Mutane da yawa sun dogara da AutoRecover fiye da ƙarfinta. Yadda take zuwa, kowane minti 10 take ajiye kwafin ceto, a can cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, kuma takan jira sai ka ɗan tsagaita da bugu, don haka mai shigar da maki ba ɗagawa yana iya wuce minti goman ba a ɗauki komai ba. A shiga File, Options, Save, a rage zuwa minti 3 ko 5, a tabbatar akwai alama a layin da ke cewa a riƙe kwafin ƙarshe idan an rufe ba a adana ba. Littafin da ba a taɓa ba shi suna ba ana neman sa ta File, Info, "Manage Workbook", "Recover Unsaved Workbooks", kuma kwana 4 kawai yake yi a can. A shagunan buga takardu da ke da manhajar mayar da kwamfuta yadda take duk bayan kashewa, kwafin ceton ma tafiya yake yi. AutoSave da ke saman hagu a Microsoft 365 wani abu ne dabam: sai fayil yana kan OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyoyin Microsoft na intanet, take aiki. Idan data ta ƙare, ko gigabait 5 na kyauta sun cika, canje-canje na taruwa a kwamfutarka kawai, wani ɗan saƙo na "Upload Failed" yana maƙale a sama, abokin aikinka a wani gari yana kallon tsohon lissafi. Akwai wata kariya mai sauƙi da aka manta da ita: a cikin "Save As", danna Tools, "General Options", ka sa alama a "Always create backup". Daga nan kowane sebin zai bar maka kwafin da ya gabace shi da wutsiyar .xlk.

Malam Edita, yawancin waɗannan masu ƙara ne, ana jin su. Wanda ya fi damun mu shi ne adanawar da ta ce ta yi, alhali ta zubar da rabin kaya a hanya. CSV, wani nau'in fayil na zallar rubutu da lambobi, ce kan gaba. Bankuna da shafukan rajista sukan nemi a ɗora bayanai a wannan nau'i, shi kuwa shafi ɗaya tak yake ɗauka, wanda ke gabanka, ba fomula, ba launi. Wanda ya mayar da littafi mai shafi goma sha biyu CSV, ya ci gaba da aiki a ciki, ya rufe, shafi ɗaya zai tarar gobe. Ga mu masu rubuta Hausa akwai ƙarin illa: nau'in "CSV (Comma delimited)" na da bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, bai san alamar ₦ ba, yakan mayar da su alamar tambaya. Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma ba gyara sai an sake bugawa da hannu. A zaɓi "CSV UTF-8", wanda ke cikin Excel 2019 da sababbin da suka biyo baya. Sannan idan aka sake buɗe CSV da danna sau biyu, Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, ta cire sifirin farko, 0803 ta koma 803. Haka take yi wa lambar asusun banki mai lamba 10 idan ta fara da sifiri. Adadin da ya wuce lamba 15 kuwa, lambobin da suka biyo bayan ta 15 ɗin sifiri suke komawa, ba sa dawowa. Idan ka adana a haka, ɓarnar ta zauna. A mayar da irin waɗannan layuka Text tun kafin a shigar da su, a shigo da CSV ta Data, "From Text/CSV", a kuma riƙe uwar aikin a .xlsx, CSV ta zama kwafin aikawa kawai.

Tsohon nau'in .xls yana tsayawa a layi 65,536, na .xlsx kuwa yana kai 1,048,576. Wannan bambanci ya taɓa cin wata babbar hukuma. A watan Oktoba na 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙididdigar kullum ba, saboda ana tattara sakamakon ɗakunan gwaji a fayil na tsohon nau'in, abin da ya haura iyaka ya zube. An yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da su. Idan mutum ne ke adanawa da hannu, Excel takan yi gargaɗi kafin ta yanke layuka, amma gargaɗin da ba a karanta ba daidai yake da babu.

Masu rubuta makuro su ji wannan da kyau. Littafi mai makuro idan aka adana shi a .xlsx, aka danna Yes a kan gargaɗin, makuron zai ci gaba da aiki har a rufe, sannan ya ɓace; .xlsm ne gidansa. Idan umarnin Save ya gaza a cikin makuro, kuskure mai lamba 1004 yakan taso. Wanda ya rubuta "On Error Resume Next" a sama, ya kashe DisplayAlerts, ya sa umarnin rufewa a layi na gaba, ya gina injin da zai zubar da aikin mutane ba tare da ko tari ba. A kama kuskuren, a duba ko Saved ta koma True, in ba ta koma ba a hana rufewa a sanar da mai aiki. Tun daga Excel 2010 akwai AfterSave, mai faɗa maka ko adanawar ta yi nasara.

Saura biyu da ke yaudarar ko ƙwararre. Fayil da aka buɗe kai tsaye daga imel ko daga cikin ƙunshin ZIP yana zaune ne a foldar wucin gadi. Sebin yana iya yi, amma a wurin da ba za ka gan shi ba, kuma Windows na iya share shi. A fara sauke shi a folda sananniya. Na biyu shi ne jabun filash da ke yawo a kasuwa, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar fayil, sunan ya fito, girman ya fito, amma da an wuce ainihin cikinsa abin da aka zuba ba ya karantuwa. Manhajar H2testw, ta kyauta, tana cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada sabon filash da ita kafin a ba shi amanar komai.

Roƙonmu ga shugabannin ofisoshi da makarantun koyon kwamfuta shi ne a sa wannan a cikin darasi, a gwada shi a aikace. A ba ɗalibi fayil na gwaji a filash, a zare filash ɗin yana tsakiyar aiki, a bar shi ya ga saƙon da idonsa, ya ceto aikin da F12. A koya masa cewa bayan adana duk wani muhimmin lissafi, ya buɗe foldar ya dubi "Date modified" ko ta nuna wannan mintin, ya dubi girman fayil kada ya zama 0 KB, sannan ya rufe ya sake buɗewa, ya gangara layin ƙarshe ya ga jimillar tana nan kafin ya tura wa kowa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu koyar da aikin kwamfuta da gyaranta, Kano.